Lacca kan farmakin Bagration na 1944

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa kan farmakin da Tarayyar Sobiyet ta kai wa sojojin Jamus a Belarus a ƙarshen watan Yunin 1944. Stalin ne ya raɗa masa suna Bagration, sunan janar ɗin Rasha da ya rasu sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Borodino a 1812. Kowa ya san Normandi, inda sojojin ƙawance suka sauka a Faransa a wannan watan, amma ka ambaci Bagration sai mutane su yi zuru.

Na farko, yaudara. Ni nan ne abin yake burge ni. Jamusawa sun sakankance ta Yukiren za a ɓullo musu, Rashawa kuwa suka bar su da zatonsu, har suna ƙara musu gishiri. A kudu ana ta kai-komo da motoci ido na ganin ido, don jiragen leƙen asiri su gani. A Belarus kuwa sai dare ake tafiya, fitilu a kashe, rediyo shiru. Shiru fa! Ku da ko wayarku ba ku iya kashewa a lacca. Sai Jamus ta tara yawancin tankokinta a kudu. Janar Rokossovsky na Sobiyet kuma ya bi ta fadamar da aka ɗauka tanki ba ya ratsawa, aka shimfiɗa gungumen itace, tankoki suka haye. Ta fadama, jama'a, ta fadama!

Na biyu, taurin kan Hitler: ya hana sojojinsa ja da baya daga garuruwan Vitebsk da Bobruisk, aka yi musu ƙawanya. Minsk, babban birnin Belarus, ta faɗa hannun Sobiyet 3 ga Yuli. Ran 17 ga wata aka zaga Mosko da fursunonin Jamus kusan 57,000. Na huɗu... au, na uku ne? To, motocin Studebaker na Amurka da suka yi wa sojojin Sobiyet jigila, mu wuce.

Na'am, malama? Me ya sa Sobiyet ba ta taimaki Warso, babban birnin Poland, ba? Yawwa, kin taɓo inda yake ciwo. Rundunar Sobiyet ta kai bakin kogin Vistula da ya ratsa birnin, mutanen Warso suka yi wa Jamusawa bore ran 1 ga Agusta, kwana 63 suna fafatawa, ba a kai musu ɗaukin kirki ba. Wasu masana sun ce sojojin sun gaji, kayan yaƙi sun yanke. Akwai gaskiya ciki. Amma makonni Stalin ya yi yana hana jiragen Amurka masu kai agaji sauka a filayensa, wannan kam ba gajiya ba ce.