Fim ɗin kaboyi mara magana ya hana ni sukuni

Jama'a, assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin titi nake a Niles, wata 'yar unguwa cikin Fremont, jihar Kalifoniya. Wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake. Yanzu na fito daga kallon fim ɗin kaboyi na 1920, babu wanda ya ce uffan a cikinsa daga farko har ƙarshe, amma tsohuwar da ke gefena sai da ta zaro hankici.

Sunansa The Toll Gate, William S. Hart ne jarumin. Ɗan fashi ne da wani ɗan ƙungiyarsa ya ci amanarsa ya tona masa asiri. Yana cikin gudu, 'yan doka na biye da shi, sai ya hangi yaro ya faɗa ruwa. Da ya wuce da ya tsira, amma ya tsaya ya tsamo shi. Uwar yaron ta ba shi mafaka, zukata suka haɗu. Ashe mijinta da ya gudu ya bar ta, shi ne macin amanar nan! Bayan ɗan fashin ya kashe mijin, ga mace tana son sa, shi ma ga so a idonsa ƙarara, amma ina, ba zai iya riƙon yaron da ya kashe wa uba ba. Ya hau dokinsa ya tafi.

Wajen nan ne ya taɓa ni. Kyamara ta tsaya a fuskarsa, muƙamuƙi a ɗaure, hula a hannu yana murza bakinta da yatsu. Mai kaɗa fiyano a gaban allo ya sassauta hannu har ana jin numfashin mutane. Kawaicin nan irin na iyayenmu ne sak, mutum ya haɗiye abin da ke cin sa ya bar wa Allah.

Garin nan ma da tarihinsa. A 1912 Broncho Billy Anderson, wani jarumin finafinan kaboyi, ya kawo kamfanin fim na Essanay nan, suka yi ta fitar da gajerun finafinan kaboyi a tsaunukan da kuke hange a bayana. Charlie Chaplin ma ya yi aiki nan a 1915. Wani dattijo ya ga hulata ya tambaye ni ko mun san kaboyi a wajenmu. Na ce malam, tun 1937 Kano ke da silima, Rex! Babana har ya tsufa yana ba mu labarin yadda suke tara taro da sisi su shiga kallon kaboyi, su fito suna tafiya a buɗe kamar masu bindiga a ƙugu. Allah ya jiƙan baba, da shi na so in zauna a kujerar nan yau.

Man da na sha zuwa nan ya kai dala ashirin, ban ji ciwonsa ba. Amma in za ku zo, ku zo ranar Asabar da yamma, kuma ku riƙo rigar sanyi, iskar nan ba ta da mutunci in rana ta faɗi. Sannan kar ku saki yara su kalli tsofaffin finafinan kaboyi su kaɗai. Yadda da yawansu ke nuna 'yan asalin ƙasar nan da 'yan Meziko kamar ba mutane ba yana ɓata min rai ƙwarai, sai da babba a kusa ya yi musu bayani.

Bari in nemi inda zan yi isha'i, hanya da nisa.