An haifi sabon jariri a gidan zoo, amma yaushe za ka gan shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar gidan zoo za mu yi, musamman ku da kuke ganin hoto a Facebook ko TikTok an rubuta "an haifi ɗan giwa" ko "sabbin dabbobi sun iso", washegari ku kwashi yara ku tafi, ku je ku tarar da wurin wayam sai wata 'yar takarda manne a jikin waya. Toh ba yaudararku aka yi ba fa. Ranar sanarwa daban, ranar da za a fara nuna dabbar daban, kuma tsakaninsu wani lokacin sati biyu ne, wani lokacin ya haura wata uku.

Mu fara da dabbar da aka kawo daga wani wuri. A ranar 15 ga Oktoban 2024 wasu fanda (dabbar nan ta ƙasar Sin mai gashi fari da baƙi) guda biyu, Bao Li da Qing Bao, suka sauka a gidan zoo na Smithsonian da ke Washinton a Amurka, daga ƙasar Sin aka ɗauko su a jirgi, duk kafafen labarai sun ɗauka. Kun san yaushe aka buɗe wa jama'a kallonsu? Sai 24 ga Janairun 2025. Wanda ya yi zumuɗi ya je a Nuwamba ko wutsiyarsu bai gani ba.

Me ake yi a duk wannan lokacin? Killacewa ce farko. A ƙa'ida dabbar da ta iso sai ta yi aƙalla kwana 30 ita kaɗai, likitan dabbobi ya ɗibi jininta, a duba kashinta ko akwai tsutsar ciki, a lura da cin abincinta, saboda cuta ɗaya in ta shigo za ta iya bin sauran dabbobin gidan gaba ɗaya. Bayan nan kuma sai sabo. Dabbar nan ta sha doguwar tafiya a cikin akwati, ba ta san masu kula da ita ba, warin wurin ma baƙo ne a wajenta, in ka fito da ita gaban mutane dubu suna ihu ai sai ta rikice ta daina cin abinci. Idan kuma za a haɗa ta da 'yan uwanta ne, kamar birai ko zakuna, ba a buɗe ƙofa kawai a ce ku gaisa. Ana raba su da raga ta ƙarfe, suna ganin juna suna sunsunar juna kwana da kwanaki, sai an ga babu alamar faɗa sannan a cire shingen. Shi ya sa in kun kira kuka tambayi rana za ku ji an ce "ba mu tsayar ba tukuna", kuma gaskiyarsu ce, dabbar ce ke tsayar da ranar ba manaja ba.

Wani zai ce to me ya sa ma ake ta yawo da su daga wannan gida zuwa wancan? Manyan gidajen zoo suna da littafin asali na kowane nau'i, an rubuta wa ya haifi wa, don kada 'yan gida ɗaya su yi ta haihuwa da juna jini ya yi rauni. Su fanda ma aro ne, kusan dukkansu na Sin ne duk inda suke, kuma 'ya'yan da aka haifa a waje ana mayar da su can kafin su wuce shekara huɗu. Ita kanta uwar Bao Li ɗin, Bao Bao, a Washinton aka haife ta a 2013, aka tafi da ita Sin a 2017. Don haka in akwai dabbar da kake so ka gani, ka riƙa bibiyar labarin tafiya kamar yadda kake bibiyar na isowa.

Yanzu haihuwa, nan ne abin ya fi daɗi, domin kowace dabba da nata tsarin. Raƙumar dawa cikin wata 15 take yi, a tsaye take haihuwa, jaririn ya faɗo ƙasa daga tsayin kusan mita biyu, tim! Kana cewa shikenan ya karye, kafin awa ɗaya sai ka ga yana ta kokawa da ƙafafunsa, ya tashi ya faɗi ya sake tashi har ya kama nono. Irin wannan ba ya daɗewa a ɓoye, in lafiya lau yake kuma yanayi ya yi kyau za a fito da shi da wuri. Giwa ma haka, wata 22 tana ɗauke da ciki, ta haifo ɗa mai nauyin kilo 100 ko kusa da haka, ranar ma yake miƙewa.

Amma zakanya fa? Cikinta kwana 110 ne kacal, 'ya'yan su zo idonsu a rufe ba sa iya komai, a daji ma ɓoye su take yi sati shida zuwa takwas kafin ta kawo su cikin garke. Gidan zoo ma haka suke bi, a bar ta a ɗakinta na baya, kyamara kawai ke kallonta, sai yaran sun yi ƙwari an yi musu rigakafi. Na fanda kuwa ya fi ban mamaki, uwa mai kilo 100 ta haifi ɗa mai giram 100, jajawur da shi ba gashin kirki, wannan sai ka yi watanni kana kallonsa a waya. Kangaru kuma, dabbar nan ta Ostireliya mai jaka a cikinta, ranar haihuwar ma sau da yawa masu kula ba su sani ba, ɗan bai fi ƙwayar wake ba, ya rarrafa ya shige jakar uwar, sai bayan watanni ka ga kai ya leƙo.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Kwanakin farko su ne masu haɗari, uwar da haihuwarta ta fari ce tana iya ƙin ɗan ko ta danne shi, hayaniya kuma ƙara tayar mata da hankali take. Shi ya sa wasu gidajen sai sun yi shiru na sati ɗaya ko biyu kafin su sanar. Ni dai in na ga gidan zoo ya fito da ɗan zaki mai kwana biyar ana ɗaukar hoto da shi a hannu, ba burge ni yake ba, alama ce kuɗin tikiti suka sa a gaba.

Lissafin ranar haihuwa ma kada ku dogara da shi. A 2017 wani gidan dabbobi a jihar New York ya sa kyamara kai tsaye a kan wata raƙumar dawa mai suna April tun watan Fabrairu, duniya ta zuba ido yau ne gobe ne, ba ta haihu ba sai 15 ga Afrilu.

To a ce an buɗe kallo, sai matsalar cunkoso. Kun tuna Moo Deng, 'yar ƙaramar dorinar nan da aka haifa 10 ga Yulin 2024 a gidan zoo na Khao Kheow a Tailan? Mutane suka yi mata caa har sai da aka ƙayyade minti biyar ga kowane rukuni a ƙarshen mako, wasu ma in sun tarar tana barci sai su watsa mata ruwa ko su jefe ta da abu wai ta tashi su ɗauki bidiyo, har hukumar wurin ta ƙara kyamarori ta yi gargaɗin kai mutum kotu. Irin wannan dorinar ta dazukan Afirka ta Yamma ce, Laberiya da maƙwabtanta, waɗanda suka rage a daji ba su kai 3,000 ba, kuma da dare take harkarta. Barcin rana ɗabi'arta ce.

Saboda haka ga yadda za ka tsara. Ka duba shafin gidan zoo ɗin da kansa a safiyar da za ka je, ba wanda wani ya tura maka a WhatsApp ba, kuma ka kalli kwanan watan da ke jikin bidiyon, don tsofaffi suna ta yawo, ka je neman jariri ka tarar da ƙato. Ka duba ko wurin jaririn yana da tikiti na daban mai lokaci, wasu tun a intanet yake ƙarewa. Ka je ranar aiki in da hali, ka isa ana buɗe ƙofa, ka wuce kai tsaye wajen dabbar da ka zo gani kafin layi ya taru, sauran ka bi su daga baya. Da safe da sanyin la'asar dabbobi suka fi motsi, da rana tsaka kowa ya nemi inuwa, zaki kam yana iya kwashe awa 20 a kwance a yini guda. Ranar da gari ya yi lumshi ta fi ranar ƙwallelliyar rana nesa ba kusa ba. Wani lokacin kuma ɓangaren tsuntsaye za ka tarar a rufe saboda murar tsuntsaye, ko an mayar da jarirai ciki saboda sanyi, duk a shafin za ka gani.

In ka isa ba ka ga komai ba kada ka juya nan take, yawancin mutane ko minti ɗaya ba sa yi a gaban keji. Ka tsaya minti goma, ka duba lungu da saman bishiya da bayan dutse, ka kashe filashin waya, ban da buga gilashi, ban da jefa abinci dan Allah. Yara kuma kada ka yi musu alkawarin dabba ɗaya tun daga gida, ka ce za mu je mu ga wa ya fito yau. Sannan ka nemi jadawalin ba da abinci a bakin ƙofa, lokacin ne mai kula yake tsaye a wurin, ka tambaye shi ƙarfe nawa uwar ta saba fitowa da ɗan, shi ke tare da su kullum, zai gaya maka lokacin da za ka sake zagayowa.