Ba da Kai Ake Ba, da Idonka Ake Ciniki

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Ranar Litinin 6 ga watan Oktoban 2025, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya faɗo mini gida a Bukoki, waya a hannu, fuska kamar ta wanda aka aiko da saƙon rasuwa. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce, "Kawu, LeBron zai bari." Na ce zai bar me? Ya miƙo mini wayar. Wani ɗan gajeren bidiyo ne: LeBron James, tauraron ƙwallon kwando na ƙungiyar Lakers ta Los Angeles, yana takawa zuwa wata kujera a cikin filin wasa, wani mutum na zaune yana jiransa, an kuma rubuta cewa gobe da tsakar ranar New York zai bayyana shawara ta biyu, shawarar da ta fi kowace shawara. Mutumin yana da shekara 40, yana shirin shiga kakarsa ta 23 a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, abin da ba wanda ya taɓa yi. Kowa ya ce ritaya ce. A can Amurka kuɗin tikitin wasannin Lakers na ƙarshen kaka ya yi tashin gwauron zabo, don mutane na son su ce sun ga wasansa na bankwana. A nan Yamai kuma, a fadar su yaron nan, shayi ya huce a kan gawayi ana ta lissafin wanda zai gaje shi.

Washegari Talata aka bayyana shawarar. Tallar giya ce. Kamfanin barasa na Hennessy ne ya fito da wata kwalba mai ɗauke da sunansa.

To wannan shi ne abin da ya hana ni sakat duk wancan makon. Yaron da ke kai goshi ƙasa sau biyar a rana, wanda ko warin giya bai sani ba, ya sayi forfe da kuɗin kabu-kabunsa na zuwa jami'a, ya kwana da zullumi, don wani attajiri a wancan gefen teku ya sayar da kwalba. Kwalbar ma ba shi za a sayar wa ba. Ba da shi ake ba. Amma idonsa ya shiga lissafi. Duk wanda ya danna bidiyon nan, daga Los Angeles har Talaje, lamba ɗaya ce aka ƙara a kan adadin da za a kai wa kamfani a ce ga yawan idon da muka tara, a biya. Kura da shan bugu, gardi da amshe kuɗi.

Kada wani ya ɗauka ni baƙo ne a harkar nan, ko irin dattawan da ke cewa wasan Nasara ne, a bar shi. Ni ma ɗan ciwon ne, kuma nawa ya girmi na yaran. A Tawa na tashi, kuma a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, wani ɗan bida da ya dawo daga Abijan ya zo da kaset na bidiyo a ƙasan jakarsa. Wasan ƙarshe ne tsakanin Houston da New York. Mun taru a zauren wani maƙwabci mai talabijin, mun fi ashirin, muka ga wani dogon mutum haifaffen Legas, Hakeem Olajuwon, yana juya ƙattin Amurka da ƙafa kamar mai rawar kalangu. Wasan ya riga ya wuce da makonni, an ci kofi an sha biki an watse, mu kuma muna ihu kamar a gabanmu ake yi. Da muka ji cewa mutumin nan yana buga wasa da azumi a bakinsa, har aka zaɓe shi gwanin wata a Fabrairun 1995 ana tsakiyar Ramadan, sai muka ce shi ke nan, namu ne. Kaset ɗin nan mun kalle shi har ya fara zane-zane. Saboda haka na san daɗin abin. Na san yadda mutum ke son ƙungiyar garin da ko a taswira ba zai iya nuna shi ba.

Kuma na san tsadarsa. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Los Angeles lokacin hunturu, a Yamai ƙarfe huɗu da rabi ne na asuba, tazarar awa tara. Na gabashin Amurka kan kama ɗaya ko biyun dare. Mai son NBA a ƙasar nan da barcinsa yake biya. Ya tashi cikin sanyin Janairu ya lulluɓa da bargo, ya rage sauti don kada tsohuwa ta farka, wuta ta ɗauke ana saura minti biyu ya koma kan waya, ladan ya kira assalatu ana cikin ƙarin lokaci. Da safe ya tafi lakkwal ko kasuwa ido ja wur. Wannan ƙauna ce ta gaske, ba na raina ta. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki wannan ƙaunar a yi tallar kwalba da ita.

LeBron kuwa ba yau ya fara ba. A Yulin 2010, lokacin shawararsa ta farko, ya tara kusan mutum miliyan 10 a gaban talabijin, aka ja su da surutu kafin ya ce zai bar Cleveland ya koma Miami, mutanen Cleveland suka fito titi suna ƙona rigarsa. Aƙalla a wancan karo akwai shawarar gaske a ƙarshen zancen, an kuma tara wa yara kuɗin taimako. Kafin shi akwai Dennis Rodman na Chicago, wanda a 1996 ya saka rigar amarya ya fito titin New York don a sayi littafinsa. Shi Rodman ko ba komi bai ɓoye ba, kowa ya gan shi ya san wasan kwaikwayo ne. Na yanzu sun fi shi iya farauta. A Nuwamban 2023 mawaƙin nan Snoop Dogg ya ce ya daina hayaƙi, a girmama sirrin iyalinsa, duniya ta yi ta sa masa albarka, bayan ƴan kwanaki aka ga tallar murhu marar hayaƙi ce. A Fabrairun 2024 aka sanar da mutuwar wata ƴar fim ta Indiya, Poonam Pandey, washegari ta fito da ranta ta ce wai faɗakarwa take yi kan ciwon daji na bakin mahaifa. Mutuwa fa! Abin da ake jin sa a ce innalillahi, shi aka mayar ƙugiyar kamun kifi. Dabarar ɗaya ce a duk inda ka duba: a nemo wurin da zuciyarka ta fi taushi, a danna, a ƙirga.

Akwai masu cewa, to mene ne? Talla ce, kowa abincinsa yake nema, kuma ai mu ma muna da kirari, ɗan kokowa kan cika baki kafin a kama. Wannan magana ba ta zauna ba. Tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, duk wanda ya ɗaga hannu ya yi kirari a fili, sai ya shiga ya kama, ko ya kayar ko ya sha ƙasa a gaban jama'a. Kirarinsa bashi ne, a nan take ake biya. Wanda ya ce maka gobe zai faɗi maganar rayuwarsa, ka zo ya nuna maka kwalba, me ya biya? Wasu kuma na cewa ai ba wanda ya tilasta wa yaron ya danna. Haka ne. Shi ma kifi ba a tilasta masa ya haɗiyi ƙugiya.

Bari in ba ku abin da idona ya gani, tunda gani ya kori ji. Shekarun baya aiki ya kai ni New York na ƴan makonni, cikin sanyin da ke sa kunne ya daina jin nasa ne. Na rantse ba zan dawo ba sai na shiga Madison Square Garden, gidan ƙungiyar Knicks, waɗanda Olajuwon ya kayar a kaset ɗinmu na Tawa. Ginin yana bisa tashar jirgin ƙasa, ka fito daga ƙarƙashin ƙasa ka yi ta hawa. Na sayi tikiti mafi araha, wanda duk da haka da na juya shi zuwa sefa sai da cikina ya yi ƙugi, aka yi ta nuna mini sama, sama, har na kai inda rufi ya kusa taɓa hulata. Daga can ƴan wasan da na san tsawonsu ya haura mita biyu sun koma kamar ƴan tsana. Na zauna da zuciya cike, ina jiran in ga mutanen da Allah ya ba wannan ni'ima kowane mako.

Na kusa da ni bai kalli fili ba sai jefi-jefi. Yana fama da kwanon soyayyen dankali da kofin lemo mai girman tulu. Da aka tsaya hutu sai kowa ya miƙe yana rawa yana kallon babban allo, ko kyamara za ta nuno shi. Can kuma aka haska kujerun bakin fili, inda ake zaunar da ƴan fim da mawaƙa, ihun da aka yi musu ya fi wanda aka yi wa wanda ya jefa ƙwallo daga nesa. Mutumin ya lura da yadda nake bin wasan, ya tambaye ni daga ina. Na ce Nijar. Ya ce Najeriya? Na ce a'a, maƙwabciyarta ta arewa, babban birninmu Yamai. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba kuma bai damu ya gane ba. Na ce masa a garinmu akwai yaran da ke tashi uku na dare don ƙungiyar nan, sun san sunan kowane ɗan benci. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce, "Don me?" Ban sami amsa ba a lokacin. Da na sauko na leƙa shagon riguna, na duba farashin guda ɗaya na mayar da ita a hankali kamar ƙwai. Irinta ce, bayan ta tsufa a jikin wani, take iso mu cikin dilar gwanjo a kasuwar Katako, mu saya jika ɗaya ko biyu muna murna.

Tun ranar na gane matsayinmu a wannan biki. Muna waje, bayan danga, muna leƙe. Mai biki bai san da mu ba, sai mai ƙirgar kawuna. Hausawa sun gama magana da suka ce son maso wani ƙoshin wahala.

In faɗi gaskiya, akwai inda nake shakka. Wannan hayaniyar ce dai ta kai wasan har zauren Tawa. Ba don kyamara da talla ba, da ɗan Kamaru Joel Embiid, wanda ya zama gwanin NBA na 2023, wataƙila bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, nan kusa da mu, shi ya jagoranci Toronto ta ci kofi a 2019, kuma tun 2021 akwai gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL da aka buɗe a Kigali. Ban musa ba, kasuwar ta buɗe wa wasu ƙofa. Amma ƙofar ta buɗe ne ga waɗanda suka ajiye waya suka shiga fili. Ba a taɓa ɗaukar kowa don ya iya kwana yana kallo ba.

Mu kuwa fa? Je ka zauren wasanni na Palais du 29 Juillet a nan Yamai ranar da ƙungiyoyin gida ke wasa, ka ƙirga kujerun da ba kowa. Yaron da zai faɗa maka yawan makin da LeBron ya ci har ya wuce Kareem Abdul-Jabbar, wanda a da ya fi kowa maki a tarihin NBA, a Fabrairun 2023, tambaye shi sunan ɗan wasa ɗaya na ƙungiyar ƙasarmu, sai ya fara sosa ƙeya. Abdoulrazak Issoufou Alfaga sai da ya ciyo azurfa a Rio a 2016 kafin da yawanmu suka san ana tekwando a Yamai. Filayen makarantu ga su nan, siminti ya tsage, ƙarfen kwando ba raga, wani ma ya karkace kamar wuyan raƙumi. A nan ne idonmu yake da daraja, don a nan in ka zo an san ka zo. Can kuwa lamba ce kai.

Abin da ya fi ba ni haushi, cutar ta ƙetaro. Yanzu a TikTok ɗinmu na gida za ka ga an yi faɗan ƙarya, an yi saki na ƙarya, an ɗora hoton mutum a gadon asibiti da ledar ruwa a hannu, jama'a su yi ta addu'a, bayan kwana uku sai ga sabuwar waƙa. Sun koyi karatun da kyau. Ranar da wani zai kwanta ciwon gaske yana neman taimako, mutane za su ce a jira a ga tallar me ce. Wa ya jawo? Mu da muke dannawa. Ba da mu ake ba, da idonmu ake ciniki, kuma mu ne muke kai idon kasuwa da ƙafarmu, har mu biya kuɗin mota.

Na faɗa wa ɗan ƙanwata duk wannan, ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa. Da na gama ya ce, "Kawu, ka ji LeBron ɗin ma ba zai buga wasan farko ba? Ciwon jijiya ya kama shi daga kwankwaso zuwa ƙafa." Na ce na ji. Ya ce amma duk da haka ranar 21 ga wata Lakers za su kara da Golden State, a nan zai kama ƙarfe uku na dare, ya riga ya saita agogo. Na dube shi na ce ranar Asabar zai raka ni kallon wasan yaran unguwa, kuma shi zai sayi ragar da za mu ɗaura musu. Ya ce to. Ya kai bakin ƙofa na kira shi na ce in ukun ta yi ya ƙwanƙwasa mini taga a hankali, kada ya tashi gwaggonsa.