Zinari Ja: Lacca Kan Fasahar Nano

An gabatar da wannan lacca a Gusau, gaban malaman kimiyya na makarantun sakandare da ɗalibansu. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an taƙaita gaishe-gaishen farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa.

Mu fara da awo, domin wanda awon bai shige shi ba, sauran bayanin tatsuniya zai zame masa. Ku ɗauki mita ɗaya ku raba ta gida biliyan ɗaya. Kashi guda daga ciki shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000, jar ƙwayar jini wajen 7,000. Farcen hannunku kuwa, a kowace daƙiƙa yana ƙara tsawon kusan nanomita ɗaya. Fasahar nano ita ce sarrafa abu a tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Madubin ƙara girma da ke ɗakin gwajin makarantunku ba ya ganin nan, iyakarsa wajen nanomita 200, saboda tsawon zangon hasken da yake aiki da shi ya fi abin da ake son gani.

To me ya sa ake wahala da wannan ƙanƙanta? Saboda idan abu ya ƙanƙance har haka, halinsa kan sauya. Launi ya sauya, ƙarfi ya sauya, zafin da yake narkewa ya ragu, alhali sinadarin yana nan yadda yake. Wannan ita ce maganar da na zo da ita yau.

Dalilai biyu ne manya. Na farko yawan fuska. Gungumen itace sai an sha fama kafin ya kama wuta, amma a faskara shi ya zama ƙirare, ashana ɗaya ta isa, don iska ta samu wuraren taɓawa da yawa. Ku rubuta wannan lissafin. Dunƙule mai siffar akwati, santimita ɗaya ta kowane gefe, faɗin fuskokinsa shida santimita murabba'i 6 ne. A yayyanka shi gutsi-gutsi, kowane nanomita ɗaya, jimillar fuskokin ta koma mita murabba'i 6,000, ta haura rabin hekta. Nauyi bai ƙaru ba ko kaɗan. Kuma haɗuwar daskararren abu da sinadarai a fuskarsa take faruwa. Dalili na biyu ya fi wuyar bayani: ƙwayoyin lantarki da ke cikin abu, idan aka matse su a ƙaramin wuri, suna bin dokokin kimiyyar kwantam, sai yadda suke shan haske da fitar da shi ya dogara ga girman ƙwayar.

Mu zo gida. A Zamfara ba a koya wa kowa launin zinari. Wanda ya je Anka ko Maru ko Bukkuyum ya san rawaya ne, ba ya tsatsa, ba ya kula yawancin sinadarai. Amma a ɗakin gwaji ana narka zinari cikin asid ya zama ruwa mai rawaya-rawaya, a ɗora a wuta ya tafasa, a zuba masa gishirin sitiret, dangin tsamin da ke cikin lemo. Kana tsaye kana kallo launin zai ɗauke, ruwan ya yi duhu-duhu, cikin 'yan mintuna ya koma ja kamar zoɓo. Zinarin yana nan, ya dai dunƙule ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ba ta wuce nanomita 20 ba. A wannan girma ƙwayoyin lantarkin da ke jikinsa suna kaɗawa tare da koren haske su shanye shi, sai ja ya saura ga ido. A ƙara musu girma, launin ya karkata zuwa shunayya. Michael Faraday ya haɗa irin wannan jan ruwa a Landan, ya yi bayaninsa a 1857. Kafin shi ma, masu aikin gilas na daular Rum sun yi wani kofi a ƙarni na 4, yana gidan tarihin Birtaniya yanzu: a haska shi ta gaba kore ne, ta baya ja, saboda ƙurar zinari da azurfa da ke cikin gilas ɗin. Sun iya aikin ba tare da sanin dalili ba.

Wa aka taɓa yi wa gwajin maleriya na nan-take a asibiti ko a kemis? Kusan kowa. (Dariya.) To kun riƙe fasahar nano a hannunku. A cikin wannan 'yar farar roba akwai siririyar takarda. Kusa da ramin da ake ɗiga jini an shanya ƙwayoyin zinari, galibi masu nanomita 40, kowace an manna mata wani furotin da ke gane alamar ƙwayar cutar. Idan aka ɗiga jini aka bi da ruwan gwaji, sai ruwan ya kwashi zinarin ya tafi da shi cikin takardar. In akwai cuta, zinarin ya riga ya cafke alamarta, da ya iso layin da aka rubuta T sai a tare shi, ya taru har ido ya ga jan layi. Layin C kuwa shaida ce cewa ruwan ya wuce lafiya. Jan layin nan da ake gani, zinari ne. Yawancin kayan gwajin ciki da na korona haka suke aiki. Zinarin da ke ciki bai kai abin da sikelin dillali zai auna ba, kada wani ya fara tara su a gida.

Tarihin fannin zan bi shi a gurguje. A 1959 Richard Feynman ya yi wata lacca a Amurka yana cewa babu dokar kimiyya da ta hana a jera ƙwayoyin zarra, wato 'yan mitsitsin da kowane abu ya ginu da su, ɗaya bayan ɗaya. Kayan aikin ne babu, sai a 1981 da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM a Zurik suka ƙera na'urar da ke bin saman abu da tsinin allura tana zana hoton zarra. A 1989 ma'aikatan IBM suka rubuta sunan kamfanin da zarra 35. Wanda ya fi burge ni shi ne na 2004 a Jami'ar Manchesta. Andre Geim da Konstantin Novoselov sun ɗauki girafait, abin da ke bakin fensir, suka riƙa manna masa salatif suna ɓarewa har suka samu shimfiɗa mai kaurin zarra ɗaya. Ita ce girafin, kuma ta ba su kyautar Nobel a 2010. Ina faɗa wa malamai wannan don mu rage fakewa da rashin kayan aiki, ko da yake gaskiya salatif ya yi ɓarewar, amma tabbatar da abin da aka samu ya buƙaci na'urori masu tsada.

Amfaninta ya riga ya shigo kasuwa. Wayar da ke aljihunku tana da biliyoyin makunnan lantarki a guntu ɗaya. Batirin sola na litiyam, nau'in LFP, bai yi aiki sosai ba sai da aka niƙe sinadarinsa ya yi laushi ƙwarai aka lulluɓe shi da kabon. Rigakafin korona na Pfizer da Moderna ƙunshe yake cikin 'yan ƙwayoyin kitse masu kusan nanomita 100, su ke kai saƙon cikin jiki kafin ya lalace.

Sai dai a garin nan ba zan yi maganar niƙaƙƙen abu in tsallake 2010 ba. Kun san abin da ya faru a Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dutsen zinari mai ɗauke da dalma aka riƙa niƙawa cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, yara sama da 400 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Yawancin ƙurar nan ta fi ma'aunin nano girma, amma ƙa'idar ɗaya ce: dutsen da ya daɗe a ƙasa bai cuci kowa ba, niƙa ce ta ba shi hanyar shiga jiki. Ƙwayar da ba ta kai nanomita 100 ba tana iya kaiwa can ƙarshen huhu, wata har ta ratsa cikin jini. An gwada wasu dogayen zaruruwan kabon a jikin ɓeraye, suka yi illa irin ta asbestos, ma'adinin nan mai zare-zare da ƙurarsa ke lalata huhu. Don haka duk ɗalibin da zai yi aikin nano, ya riƙe shi cikin ruwa gwargwadon iko, in gari ne busasshe to da takunkumi da safar hannu, kuma ba a ɗakin kwana ba.

Wata malama ta yi tambaya: Malam, wane bincike ne ya dace da mu a nan, da ɗan abin da muke da shi?

Malama, ni ɓuntun shinkafa zan nuna miki. Daga Talata Mafara har Argungu da Birnin Kebbi, tsibi-tsibi yake bayan injinan casa, ana cinna masa wuta don a huta. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, tokarsa kuma mafi yawanta silika ce, sinadarin da ke cikin yashi. Idan aka wanke shi da asid mai sauƙi, aka ƙona a zafin da bai wuce digiri 700 ba, ana samun farar silika mai laushi wadda ke ƙara wa kankare ƙarfi, ana kuma gwada ta wajen tace ruwa. In wuta ta yi yawa, silikar ta daskare ta rage amfani. Murhun da ake iya saita zafinsa da ma'aunin zafi sun isa a fara. Auna girman ƙwayoyin ne zai sa ki nemi wata jami'a mai madubin ƙara girma na lantarki, wanda ke ganin ma'aunin nano, ki aika musu samfur, kuma kafin sakamakon ya dawo, kada ki rubuta nano a kan takardarki, ki rubuta toka.