Sharhi: Turken da shaye-shaye ke kafawa a ƙwaƙwalwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

A shekarar 1954, wasu masu bincike biyu a Jami'ar McGill da ke Kanada, James Olds da Peter Milner, sun dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli. Da zarar ɓeran ya taka, sai ɗan lantarki ya taɓa wani lungu can cikin ƙwaƙwalwarsa. Ai kuwa sai ya duƙufa, yana takawa sau ɗaruruwa cikin awa ɗaya. A gwaje-gwajen da suka biyo baya, har an ga ɓeraye masu yunwa sun bar abinci a gabansu suna ta takawa.

Mu ma muna da wannan lungu. Shi ke ingiza mu neman abinci da ruwa da zama cikin mutane, kuma ɗan aikensa wani sinadari ne mai suna dofamin. Hodar iblis, taba, giya da ƙwayoyi masu sa maye, kowanne da hanyar da yake bi, amma duk suna sa dofamin ya kwarara a wurin.

An daɗe ana ɗaukar dofamin a matsayin sinadarin jin daɗi kawai. Sai wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Wolfram Schultz ya yi gwaji da birai: a kunna fitila, sannan a ba biri ruwan 'ya'yan itace. Da farko dofamin na tashi ne in ruwan ya taɓa harshe. Da birin ya saba, sai ya koma tashi tun daga ganin fitilar. Wato aikinsa koyarwa ne, yana rubuta wa ƙwaƙwalwa cewa ga alamar abu mai muhimmanci, kar a manta. Shi ya sa mutumin da ya yi wata shida bai sha ba, warin hayaƙi ko ganin tsohon abokin shansa kan tayar masa da ƙishirwar da ya zaci ta mutu.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa, in ambaliyar ta yi yawa sai ta rage ƙofofin da ke karɓar dofamin. Hotunan ƙwaƙwalwa da likita mai bincike Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna wannan raguwa. Daga nan abinci ya rasa armashi, hira ta gunduri mai shan, abin da yake sha ma sai ya ƙara yawansa. Wannan ne ya fi taɓa min zuciya: daɗin ya tafi, kwaɗayin yana nan, ga ƙunci da fargaba duk ranar da bai samu ba.

To ina birki? Yana sashen gaba, bayan goshi, inda ake auna abin da zai biyo baya a danne zuciya. Shaye-shaye na raunana shi, kuma dama ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, abin da ya sa farawa da ƙuruciya ya fi haɗari.

Masu iya magana na cewa sabo turken wawa. Turken kam na yarda da shi, amma masu hankali da yawa ya ɗaure. Zagi da kora kuwa damuwa suke ƙarawa, damuwa kuma tana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum ruwa. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani kan koma sha, kusan yadda masu hawan jini ko asma kan sake kwanciya, kuma babu likitan da ke korar mai hawan jini don jininsa ya sake hawa. Akwai magunguna irin su methadone da buprenorphine ga masu jarabar hiroyin da danginta, akwai kuma zama da ƙwararru don koyon kauce wa alamomin nan. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan methamphetamine, wata ƙwaya mai sa maye, bayan sun yi wata 14 ba su taɓa ba, aka ga wani ɓangare na tsarin dofamin ɗinsu ya farfaɗo.