Yaran Cikin Gida da Yaran Bakin Ƙofa

Wannan lacca ce da wata uwa, matar wani fasto mai ritaya, ta gabatar a Jos wurin bitar ma'auratan da ke shirin fita aikin bishara a ƙasashen waje. An rubuto ta daga abin da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe.

Baba Rabaran, dattawa, iyayena mata na Zumunta, da ku 'ya'yana da za a aika, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Waɗanda suka riga ni magana sun gama da batun takardun shiga ƙasa da koyon harshe. Ni zan tsaya ne a kan abin da ba a rubuta muku a takardar aikawa ba, amma zai same ku tun ba ku gama kwance kaya ba, wato yaran unguwa. Ko Maraɗi aka kai ku, ko Njamena, ko Banjul, ba dattawan gari ne za su fara yi muku sannu da zuwa ba. Yara ne. Za su yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙen abin da baƙi ke dafawa. A cikinsu akwai wanda da yamma ta yi uwarsa za ta ƙwala masa kira ya ruga gida. Akwai kuma wanda har a yi isha ba mai neman sa. Wannan na biyun shi ne maganarmu yau, shi da abin da zuwansa zai yi wa 'ya'yan da kuka haifa.

Mu a nan ba baƙin labarin ba ne, domin a ƙasarmu aka yi shi. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta fita biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya koma gida. Waɗannan ba su zo da iyali ba. Da aka fara zuwa da mata da yara sai asarar rayukan ta ƙaru. Stover Kulp, wanda shi da Albert Helser suka buɗe aiki a Garkiɗa a 1923, shekarar da ta biyo baya ya binne matarsa da jaririnsu. Wanda bai taɓa zuwa maƙabartar mishan ta Miango ba, ya je kafin ya tashi. Ku duba tsawon wasu kaburburan, ba su kai hannuna ba.

Da magani ya samu, mutuwa ta ragu, sai matsalar karatu ta taso. Maganin da suka samo shi ne makarantar kwana. Hillcrest da ke nan cikin gari 'yan mishan ɗin Brethren ne suka buɗe ta a 1942, bayan 'yan shekaru SIM, mishan ɗin da Bingham ya kafa, ta buɗe Kent Academy a Miango. Yaro ɗan shekara shida za a ɗaura masa akwati, sai hutu zai ga uwarsa. Da yawa sun fito lafiya, sun zama likitoci da malamai, wasu ma sun dawo sun ci gaba da aikin iyayensu. Amma wasu, yanzu da furfura a kansu, har yau tambaya ɗaya suke yi: me ya sa uwata ta goya 'ya'yan wasu a daji, ni kuma ina kuka a ɗakin kwanan ɗalibai? A wata irin wannan makaranta da ke Mamou a ƙasar Gini, binciken da ikkilisiyar da ke da makarantar da kanta ta sa aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya tabbatar da cewa an yi shekaru ana dukan 'ya'yan 'yan mishan ana cin zarafinsu, iyayen suna can suna wa'azi ba su sani ba. Ban kawo wannan don in ɓata waɗanda suka kawo mana bishara ba. Na kawo ne don yanzu mu ne masu aikawa. Ƙungiyoyinmu na aika masu bishara, EMS ta fara tun 1948, CAPRO ta tashi daga Zariya a 1975, kuma 'ya'yanmu ne yau ake ɗaura wa akwati.

Ɗaya ɓangaren gādon shi ne riƙon yara. A 1909 mishan ɗin SUM ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, aka sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm wanda ya kafa mishan ɗin. Yaran da aka kai can an ƙwato su ne daga hannun fataken bayi, da yawansu ba su ma san sunan garinsu ba. Mary Slessor kuwa, a yankin Kalaba, tagwayen da aka yar take tsincewa ta raine su a ɗakinta har ta rasu a 1915. Waɗannan yara da gaske ba su da kowa. In ba a ɗauke su ba mutuwa za su yi.

Inda muke tuntuɓe shi ne mun ɗauki wannan hoton mun manna wa duk yaron da muka gani da yagaggiyar riga. Alhali yaron da zai tsaya a ƙofarku, galibi ba maraya ba ne. Yana da masu shi.

Ku tuna abin da ya faru a Chadi a 2007. Wata ƙungiyar agaji ta Faransawa, ba ma ta mishan ba, ta tara yara 103 a Abeche za ta ɗora su a jirgi, wai marayun Darfur ne. Aka kama su. Da aka bincika, mafi yawan yaran 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba a raye. Ku da za ku Chadi, ku sani mutane ba su manta ba. Baƙon da aka ga yara sun cika masa gida, ido na kansa, ko da zuciyarsa fara ce tas.

Mu a yankin Maraɗi muka yi zamanmu, ni da Baba, kuma ga irin yaran da na sani. Akwai wanda ubansa ya tafi ci-rani Kano ko Libiya, tun ana jin ɗuriyarsa har aka daina. Akwai wanda aka saki uwarsa ta yi wani aure, sabon mijin ya ce ba ya riƙon agola, aka jibge shi wurin kaka, kakar kuwa ita ma neman mai ba ta take yi. Akwai almajiri, wanda yana da malami, yana da uba a ƙauye. Akwai yarinyar da ke gidan kishiyar uwa, talla tun safe, in ba ta sayar ba kada ta dawo. In damina ta faɗi, rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, sai yawansu ya ninka. Shekarar 2005 da aka yi yunwa a Nijar, ba na fatan in sake ganin irinta.

To me za a yi? A ba shi abinci, wannan ba ya bukatar taron dattawa. Shari'ar Musa ma cewa ta yi in ka yi girbi kada ka koma kala, ka bar wa baƙo da maraya da gwauruwa. Amma in yaro ya zo yau ya zo gobe, ranar ta uku ki yafa mayafinki ki ce masa, muje ka nuna mini gidanku. Ki shiga da sallama, ki durƙusa ki gai da tsohuwa, ki tambayi gajiya da lafiyar gida kamar yadda aka saba. Kada ki je da fuskar mai bincike. Ki ce, Inna, yaron nan yana wasa da nawa, na ce bari in zo in san gida. A wannan zama ɗaya za ki ji abin da ba za ki ji ba ko shekara yaron ya yi yana cin tuwonki. Sau da yawa za ki tarar mudun geron da za ki kai wa kakar ya fi kwanon da kike zuba masa amfani, domin akwai ƙannensa biyu a ɗaka da ba su iya zuwa ƙofarki ba. Kuma yaron ya ci a gidansu, daga hannun kakarsa, mutuncinta bai zube a idonsa ba.

Maza, naku shi ne mai unguwa da liman. Ku je ku gabatar da kanku, ku faɗi ko ku su wane ne ba tare da ɓoye-ɓoye ba. In almajiri ne ba shi da lafiya, malaminsa za a fara gaya wa kafin a kai shi asibiti.

Akwai abin da nake so in faɗa da ƙarfi, ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Kada ku mai da abinci tarko. Yaro mai jin yunwa in ka ce ya maimaita addu'a zai maimaita, in ka ce ya canza suna zai canza, kuma ba tuba ya yi ba, tuwo yake nema. Ranar da ubansa ya dawo daga ci-rani ya ji, kun ja wa yaron dūka, kun ja wa 'yan tsirarun masu bi na garin fitinar da za su zauna da ita bayan ku kun tafi. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai kan abin da wata jarida ta buga a Faransa, abin da ba ruwan Kiristan Nijar da shi. A irin wannan wuri maƙwabci shi ne katangarka. Ku yi addu'arku a fili kamar yadda kuka saba, wanda ya tambaya ku amsa masa, iyayen yaro kuma su san duk abin da yake ji a gidanku. Sannan wannan ɗabi'a ta ɗaukar hoton yaro da majina a hanci a tura wa masu ba da gudummawa ta WhatsApp, don Allah a bari. Wa zai yarda a yi wa nasa?

Yanzu na cikin gida. Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar bi muni, kuma bai cire masu bishara daga ciki ba. Ɗanka bai ji kira ba, kai ka ji. An raba shi da kakanninsa da abokansa, an kai shi inda ake karatu da Faransanci, ga shi wata rana WAEC da JAMB na jiran sa da Turanci. Sai kuma ya ga takalminsa a ƙafar wani yaro, ba wanda ya tambaye shi. In ya yi magana a ce masa ba ka da ƙauna. Haka ake shuka ƙiyayyar aikin Allah a zuciyar ɗan fasto. Abin da yake nasa a tambaye shi kafin a bayar, in ya ce a'a a ƙyale shi. A ware lokacin da ƙofa take rufe, iyali su ci abinci su kaɗai, uba ya ji yadda makaranta ta kasance. Yaran unguwa suna gane ƙa'ida sarai, in dai ba a canza ta kullum.

Wasa kuma a tsakar gida, inda ido ke gani. Ban yarda da shiga ɗakin kwana ba, ban yarda da kwanan yaro a gida ba sai da sanin masu shi, ban yarda namiji babba ya keɓe da 'yar mutane ba, ko shi wane ne. Yaron da ya tashi a tasha ya ga abubuwan da ɗanku bai gani ba, ba laifinsa ba ne, amma ku ne manya. Wannan ƙa'ida tana tsare naku, tana tsare na mutane, tana tsare sunan maigida.

Dattawan da ke aikawa, saura ku. A rahoto sunan fasto ake rubutawa, amma tukunyar matarsa ce ke ciyar da yaran nan, ita ce ke wanke gyambo, ita ce ke cire ƙwarƙwata. In kun kira ku ce a ba ku ita ku ji daga bakinta. Kuma ku riƙa lissafi da sefa, ba da naira ba. Tun da naira ta faɗi a 2023, abin da kuke turawa in an canza shi ba ya kai inda yake kaiwa a dā, ga iyaka da aka rufe a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Mace tana auna garin 'ya'yanta tana raba shi da na maƙwabta, ku kuna nan kuna tafa wa rahoto.

Ku masu tafiya, sauran makonnin da kuke da su a Jos ku gwada hannu. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun bar mana yara a ɓangarorin biyu na garin nan, wasunsu yanzu sun haifi nasu. Ku zaga Taminus da Farin Gada da daddare, ku ga 'yan shekara nawa ne ke shan tiramol da goskolo. Ku je Gidan Bege, inda ake kula da yaran titi, ku zauna da masu aikin, ku tambaye su yadda suke neman dangin yaro da wahalar da ke cikin mayar da shi gida. Sun fi ni sanin wannan.

Abu na ƙarshe, ranar canji. Mai bishara ba ya dawwama a gari, takarda ɗaya za ta zo a ce ku tattara. Yaron da kuka saba wa shayi da burodi, kuka raba shi da gidansu, ranar nan ya zama maraya na gaske, kuma ba ku da ikon ƙetare iyaka da shi. Saboda haka tun shekarar farko a nema masa abin da zai rage bayan ku. In makaranta ce, da sunan ubansa za a rubuta shi, kuma wani daga danginsa ya san malaman. In ya wuce shekarun aji, a kai shi wurin tela ko kafinta ko mai gyaran babur na garin, a yi magana gaban kawunsa, a biya kuɗin koyo gaba ɗaya, a saya masa kayan aiki. Takardar haihuwa ma, in ba shi da ita, ku raka kakarsa a yi masa.

Baba Rabaran yana nuna mini agogo. Tambayoyin da aka rubuto kan makarantar 'ya'yanku, da na 'yar'uwar da ke da juna biyu take tambayar inda za ta haihu, bayan abinci za mu zauna da mata a ƙaramin ɗakin taro. Mazan da ke so su ji, ba a hana su ba. Na gode.