Faifan garmaho ba ya son hayaniya, abin da na gani a Yamai

Salamu alaikum jama'a, ga ni a Yamai, unguwar Yantala, kuma wallahi yau an taɓa min girman kai. Ni da nake cika baki a Kano wajen haɗa sauti, sai ga wani yaro da bai kai ƙanena ba ya zaunar da ni a ɗan sitidiyonsa yana min karatu. Waƙoƙin masu gita yake shiryawa za a tura Turai a buga su a faifan garmaho, eh wannan baƙin faifan da iyayenmu suka ji Shata a ciki, shi ne yanzu Turawa ke rububi.

Na saurara na ce ƙane ƙara masa wuta mana, ai sautin nan ya yi sanyi. Ya yi dariya ya ce "Yaya, in na ƙara allura tsalle za ta yi." To ku ji dalili. Mu a gida matse sauti muke yi har ya toshe don ya fasa sifikar waya da ta Adaidaita, shi kuwa faifai tsagi ne ake yankawa da inji a jikin wani faranti mai laushi, sauti mai ƙarfi tsagi mai faɗi, tsagi mai faɗi kuma cin wuri yake, shi ya sa gefe ɗaya na babban faifai mai juyi 33 a minti bai cika wuce minti 20 zuwa 22 ba, in ka cusa masa fiye da haka dole mai yanka ya rage ƙara. Bes kuma, wato sautin nan mai kauri, sai an tattaro shi tsakiya, in ka baza shi hagu da dama allurar sama da ƙasa za ta riƙa yi har ta fice daga tsagin.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne maganar "s" da "sh" da "ts". Ku duba Hausa fa, tsakani da Allah rabin maganarmu tsa tsa tsa ce, kuma su ne ke fashewa a faifai su koma kamar ana soya ƙosai. Ina kallonsa yana bin muryar mawaƙin a kwamfuta, duk inda ya ce "tsaya" ko "sannu" sai ya dafa wurin ya rage kaifin, ɗaya bayan ɗaya, ga kuran, wato wutar lantarki, an ɗauke, janareto na ta kuka a waje. Hatta jerin waƙoƙi ba yadda ka ga dama ba ne, mai zafi a sa ta farko, mai sanyi a ƙarshe, saboda can kusa da tsakiya da'irar ta ƙanƙance sautin ba ya fita tas.

Af, kilishin garin nan, ku bar shi kawai. Na sayi na jaka biyu na sefa, kada 'yan Agadasawa su ji amma ya kama hanya. Shinkafa da wake ta gidanmu dai har yanzu ban ga mai kama da ita ba.

Abin da ya tsaya min a rai, mutanen Nijar ɗin nan sun riga mu shiga harkar faifai. Wani makaɗinsu Mamman Sani ya ɗauki kiɗan oganinsa a gidan rediyon ƙasa a 1978, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fito da shi a faifai a 2013, ga mai gita Mdou Moctar ɗan jihar Tawa duniya ta san shi. Mu da tulin mawaƙanmu sai MP3 da turawa ta Bluetooth. Kuma harkar a tsuke take fa, a 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo a Kalifoniya, ɗaya daga biyu kacal masu yin wannan farantin yankan, sai ta Japan ta rage.

Duk mai niyya, ni dai ina gaya maka, kar ka tura musu MP3, WAV za ka tura wanda ba a matse ba, kuma kar ka ce a buga sai ka ji faifan gwaji da kunnenka, gefe biyun duka. In ya iso kuma kar ka kuskura ka bar shi a mota, ranar Yamai lanƙwasa shi za ta yi kafin ka idar da azahar. Bari in je, mai taksi na ta min hon.